Rashin Aikin Matasa: Me Ya Sa Ƙungiyoyin Rabat, Johannesburg da Dhaka Ba Sa Bin Hanya Ɗaya?

Alƙaluman Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, sun nuna cewa a 2023 matasa miliyan 64.9 ne ke neman aiki ba su samu ba, wato kashi 13 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 24 da suka fito neman na kansu. Da zarar an rarraba wannan adadi yanki-yanki sai lissafin ya fara ɗaure wa mutum kai. A ƙasashen Larabawa ya kai wajen kashi 28. A Afirka ta Kudu yana kusan kashi 60. Amma in aka haɗa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara baki ɗaya, bai kai kashi 10 ba, ƙasa da na Faransa, ƙasa ƙwarai da na Sweden. Duk wanda ya taɓa ganin cincirindon samari a bakin titunan Kampala ko Dakar da hantsi zai rantse an yi ƙarya a lissafin.

Ba a yi ƙarya ba, ma'aunin ne haka. A ƙa'idar da ake bi, wanda ya yi aikin da ya kawo masa kuɗi, ko da na awa ɗaya ne a mako, mai aiki ne. Marar aiki shi ne wanda bai yi komai ba, yana nema, kuma a shirye yake ya fara. Irin wannan zama kuwa sai mai madogara: ko gwamnati na ba shi ɗan abin kashewa, ko iyaye na ɗauke da shi. Wanda ba shi da ko ɗaya dole ya fita ya yi dako, ya yi talla, ya hau babur, don haka ba ya shiga lissafi. Najeriya ta nuna wannan a fili. Hukumar ƙididdigarta ta ce rashin aiki a ƙasar baki ɗaya kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, lokacin tana ɗaukar duk wanda bai cika awa 20 a mako ba a matsayin marar aiki. Da ta koma ma'aunin awa ɗaya a 2023, adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1, kuma ba wanda ya ce ayyuka ne suka ƙaru har haka.

Ke nan matsaloli ne da dama aka tara ƙarƙashin suna ɗaya, shi ya sa ƙungiyoyin farar hula da ke fama da su ba su yi kama da juna ba. A ganina tambaya ɗaya ce ke raba su: a wannan wuri, aikin a hannun wa yake? Inda yake hannun gwamnati, ƙungiyoyi kan zama masu matsin lamba. Inda yake hannun kamfanoni, sukan zama dillalai. Inda babu mai ɗauka kwata-kwata, sai su koma ba da jari da koyar da sana'a. Sauran bambance-bambancen, na doka da na kuɗi da na tarihi, duk a kan wannan suke hawa.

A Arewacin Afirka abin ya fi fitowa ƙarara. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatocin yankin sun ƙulla wani alkawari da jama'arsu: ku yi karatu, mu ba ku aiki. A Masar ma doka ce. Tun farkon shekarun 1960 gwamnatin Gamal Abdel Nasser ta ɗauki nauyin ba duk wanda ya gama jami'a aiki. Da bashi ya yi wa ƙasashen katutu aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na IMF da Bankin Duniya, Maroko a 1983, Tunisiya a 1986, sai gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, jami'o'i kuwa ba su rage yaye ɗalibai ba. Saurayin da ya gama digiri a Fas ko Sfax ba ya ganin kansa a matsayin wanda ya gaza a ƙwarewa. Gani yake yana bin gwamnati bashi.

Ƙungiyoyin da suka tsiro daga wannan hali sun yi kama da ƙungiyoyin ƙwadago, illa dai mambobinsu ba su da wurin aikin da za su yi wa yaji. A 1991 aka kafa ƙungiyar masu digiri marasa aiki ta Maroko, wadda ake taƙaita sunanta da ANDCM, daga baya rukunonin masu digiri na biyu da na uku suka biyo sahu. Shekara da shekaru titin da ke gaban majalisar dokoki a Rabat ya zama dandalinsu, kuma buƙatar ɗaya ce: a ɗauke su aikin gwamnati kai tsaye, ba jarrabawa. Masu binciken da suka bi waɗannan rukunoni sun bayyana wani tsari mai ban mamaki. Ana kiran suna a kowace fita, ana ba wanda ya halarta maki, in gwamnati ta saki gurabe sai a raba bisa yawan makin. Zanga-zangar ita kanta ta zama hanyar neman aiki, kuma ta sha biyan buƙata. A farkon 2011, da guguwar sauyi ta taso, gwamnatin Abbas El Fassi ta ɗauki sama da mutum 4,000 kai tsaye. Gwamnatin Abdelilah Benkirane da ta gaje ta ta toshe wannan ƙofa, ta ce kowa ya zauna jarrabawa.

A Tunisiya abin ya fi zafi. An kafa ƙungiyar masu digiri marasa aiki, UDC, a 2006, a ƙarƙashin mulkin Shugaba Ben Ali, lokacin da ko taron mutum goma abin tsoro ne. A Janairun 2008 kamfanin haƙar fosfat na Gafsa ya fitar da sunayen waɗanda ya ɗauka aiki, mutanen garin Redeyef suka ce son kai da cin hanci ne, aka yi wata shida ana dambarwa. Mutane da yawa na kallon wannan a matsayin sharar fagen juyin juya halin da ya ɓarke bayan Mohamed Bouazizi ya cinna wa kansa wuta a Sidi Bouzid ranar 17 ga Disambar 2010. Shi Bouazizi ma ba mai digiri ba ne, mai tura kayan lambu ne, irin wanda ma'aunin awa ɗaya ke lissafawa cikin masu aiki. A 2017 matasan Tataouine suka yi zaman dirshan a El Kamour, suka rufe bututun man fetur, har ƙungiyar ƙwadago ta UGTT ta shiga tsakani aka sa hannu a yarjejeniya: gurabe 1,500 a kamfanonin mai, 3,000 a kamfanin kula da muhalli da shuke-shuke, da dinari miliyan 80 duk shekara don raya yankin. Ba a cika alkawarin yadda aka yi shi ba, a 2020 suka sake rufe bututun. A wannan shekarar ce kuma majalisa ta yi doka mai lamba 38, wadda ta ce a ɗauki waɗanda suka shekara goma ba aiki, amma a ƙarshen 2021 Shugaba Kais Saied ya ce ba za a iya aiwatar da ita ba.

Masu ba da tallafi daga waje ba sa son sa irin waɗannan ƙungiyoyi cikin jerin masu yaƙi da rashin aiki, domin ba su da aji, ba su da manhaja, ba sa rubuta rahoto. Ni kuwa ina ganin in ana ƙirga aikin albashi mai ɗorewa da aka samar wa mamba, da yawa daga cikin masu ajin ba su kama ƙafarsu ba. Matsalarsu a wani wuri take. Baitulmalin da suke matsa wa lamba ba ya ƙaruwa, kuma kamfanonin muhallin da ake tura mutane an daɗe ana sukar su da biyan albashi ba tare da wani aikin a-zo-a-gani ba.

A ƙasashen Larabawa dai akwai wata zuriyar ƙungiyoyi dabam, masu ofis da kwat. INJAZ ta fara a Jodan a 1999, tana tura 'yan kasuwa makarantu su koya wa ɗalibai kafa kamfani. Education For Employment, wadda Ronald Bruder ya kafa a 2002, ta ɗauki wata ƙa'ida mai ma'ana: sai kamfani ya yi alkawarin ɗaukar mutane kafin a tsara musu horo. Dukansu na ƙoƙarin juyar da fuskar matashi daga gwamnati zuwa kamfani. Wani gwaji da Bankin Duniya ya yi a Jodan daga 2010 ya nuna iyakar wannan ƙoƙari. An ba 'yan matan da suka gama kwaleji takardar tallafin albashi ta dinari 150 a wata har wata shida, su kai wa duk mai ɗaukar aiki. Muddin tallafin na tafiya, samun aikinsu ya ƙaru da kusan mutum 40 cikin kowane 100. Da ya ƙare, kusan duk ribar ta zube. Waɗanda aka ba horon iya magana da mu'amala a wurin aiki kuwa, ba a ga wani canji a samun aikinsu ba.

Afirka ta Kudu wata duniya ce. Akwai manyan kamfanoni, bankuna, shagunan zamani, cibiyoyin amsa waya. Amma mulkin wariyar launin fata ya bar gado biyu masu nauyi: an yasar da baƙar fata a unguwanni masu nisa da wuraren aiki, sannan an daɗe ana danne ƙananan sana'o'insu, har ya zama ɓangaren buga-buga a can bai kai girman na sauran ƙasashen nahiyar ba. Matashin Soweto da bai sami aikin kamfani ba, sau da yawa ba shi da wani abin faɗawa. Shi ya sa adadin ya yi sama haka.

Ƙungiyar Harambee, wadda aka kafa a 2011 da goyon bayan wasu kamfanoni, ta fara ne da tambayar abin da ke tsaye tsakanin wannan matashi da gurbin da ke nan a buɗe. Amsoshin da ta samu ƙanana ne, har su ba mutum haushi. Kuɗin mota zuwa wurin ganawa. Kuɗin data na duba tallan aiki. Rashin wani ɗan'uwa mai aiki da zai sa baki. Kamfanoni kuma na tace masu nema da makin lissafi na sakandare, alhali wannan maki ya fi nuna irin makarantar da yaro ya yi fiye da kaifin basirarsa. Sai Harambee ta tsara nata gwajin na auna saurin koyo, ta kuma ɗauki ƙa'idar sama wa mutum aiki a inda mota ɗaya za ta kai shi daga gida, domin ta lura wanda ke hawa biyu ko uku kan ajiye aikin kafin albashin farko ya zo. Daga baya gwamnati ta jawo ta cikin shirinta, aka buɗe dandalin SA Youth da ake shiga ba tare da cin data ba.

An gwada wani ɓangare na wannan aiki ta hanyar ƙuri'a, wato a raba masu nema gida biyu, a ba wasu abin a bar wasu, sannan a bi su a kwatanta. Abin da aka ba su takarda ce kawai mai nuna sakamakon gwajin da suka yi, mai ɗauke da tambarin da kamfanoni suka yarda da shi. Samun aikinsu ya ƙaru da mutum 5 cikin 100, abin da suke samu ya ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin uku. Arha ne ƙwarai. Amma ko Harambee ba ta ce dillanci zai cinye kashi 60 ba, kuma a ƙasar akwai waɗanda suka yanke ƙauna daga jiran gurbi, irin su Black Sash, tsohuwar ƙungiyar da ta faro tun 1955, wadda yanzu ke fafutukar a mai da tallafin rand 350 da aka fara lokacin korona a 2020 ya zama haƙƙi na dindindin ga duk mai shekara 18 zuwa 59 da ba shi da abin shiga.

Latin Amurka ta daɗe da nata salon dillancin, sai dai gwamnati ce ke biya, ƙungiyoyi na karɓar kwangila. Chile ce ta fara a 1991 da shirin Chile Joven, Peru da Kolombiya da Jamhuriyar Dominika suka kwaikwaya. Ana yin 'yan watanni a aji, a yi wasu a kamfani don sanin makamar aiki, kuma ba a ba ƙungiya kuɗi sai ta kawo takarda daga kamfanin da zai karɓi ɗalibanta. A Kolombiya bincike ya nuna abin da mata ke samu ya ƙaru da kusan kashi 20, na maza bai kai haka ba. A Dominika yawan masu aiki bai wani canza ba, abin da ya canza shi ne irin aikin, daga na baki-da-baki zuwa mai rajista da inshorar lafiya. Wannan kuwa shi ne ainihin ciwon yankin, inda kusan rabin ma'aikata ba su da rajista. Brazil ta bi ta hanyar doka: tun 2000 wajibi ne matsakaita da manyan kamfanoni su ware kashi 5 zuwa 15 na guraben da ke buƙatar horo ga masu koyon aiki, ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su CIEE na ɗaukar nauyin karatunsu. Akwai kuma hannun coci, wanda ya riga duk waɗannan. Fe y Alegría ta 'yan Jesuit ta fara a unguwannin talakawan Caracas tun 1955.

A Turai ƙungiya ba ta cika zama mai riƙe da akala ba, domin gwamnati na nan da ƙarfinta. Aikinta biyu ne: ta matsa a yi doka, sannan ta karɓi aikin kamo waɗanda ofishin gwamnati ba ya iya kaiwa gare su. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008, rashin aikin matasa ya haura kashi 50 a Sifaniya da Girka. Matasan Madrid suka fito a 2011 ƙarƙashin Juventud Sin Futuro da takensu: ba gida, ba aiki, ba fansho, ba tsoro. A Afrilun 2013 Tarayyar Turai ta amince da shirin garantin matasa, wanda ya ce duk ɗan ƙasa da shekara 25 a ba shi tayin aiki, ko karatu, ko koyon sana'a cikin wata huɗu da rasa aiki ko barin makaranta. A 2020 aka ɗaga shekarun zuwa ƙasa da 30. Gamayyar ƙungiyoyin matasan Turai na cikin waɗanda suka dage a kan haka, kuma ita ce ta kai ƙarar Beljiyam a kan sa matasa aikin sanin makama ba biya, kwamitin haƙƙoƙin jama'a na Majalisar Turai (Council of Europe) ya ba ta gaskiya a hukuncin da aka fitar a 2022. A Faransa akwai cibiyoyi sama da 400 da ake kira missions locales, waɗanda aka fara a 1982 bayan rahoton Bertrand Schwartz. A doka ƙungiyoyi ne, amma zaɓaɓɓun shugabannin gari ke jagorantarsu, kuma suna duba matsalar matsuguni da lafiya da sufuri kafin ma a zo maganar aiki. Italiya ta yi doka mai lamba 381 a 1991, wadda ta amince da ƙungiyoyin gama-kai da aƙalla kashi 30 na ma'aikatansu masu rauni ne. Jamus kuwa ba ta cika buƙatar irin waɗannan ba, don ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ƙwadago tun asali suna cikin tsarin koyon sana'a, su ke tsara manhaja da jarrabawa. Farar hula ce ita ma, amma ta daɗe a cikin gida har ba a ganin ta.

Yanzu sai inda kusan rabin matasan duniya suke, wato Kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara. Bankin Raya Afirka ya ƙiyasta cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ke shiga kasuwar aiki a nahiyar duk shekara, guraben albashi masu rajista da ake samarwa kuwa wajen miliyan 3 ne. A nan dillali ba shi da abin haɗawa. Tambayar ta koma yadda wanda ya riga ya fara buga-buga zai ƙara abin da yake samu.

Ba wanda ya kai ƙungiyar BRAC ta Bangladesh nisa a wannan fage. Fazle Hasan Abed ya kafa ta a 1972 bayan yaƙin 'yancin Bangladesh. A 2012 ta fara shirin STAR, kuma maimakon ta gina makarantun sana'a sai ta waiwayi abin da ke nan tun fil'azal: yaro ya zauna gaban maigida ya koyi aiki. Tana zaɓar telan da ya ƙware, ko mai gyaran waya, ko makanikin babur, ta horar da shi a kan yadda ake koyarwa da kiyaye lafiyar yara, ta haɗa shi da yaran da suka bar makaranta na tsawon wata shida, tana biyan maigidan da yaran ɗan alawus, ana kuma ware rana guda a mako ta zaman aji. Ta gyara tsohon tsari ne, ta rage tsawonsa, ta sa mata a ciki, ta ɗora masa takardar shaida.

Wannan takarda ba ƙaramin abu ba ce. A Yuganda BRAC ta yi wani gwaji da matasa kimanin 1,700: wasu aka tura makarantar sana'a wata shida, wasu aka kai su ƙananan kamfanoni aka biya albashinsu. Da farko 'yan kamfanin sun fi saurin samun aiki. Bayan 'yan shekaru sai 'yan makarantar suka wuce su, saboda in sun rasa aiki suna da abin nuna wa sabon maigida, alhali ƙwarewar ɗan kamfani maigidansa kaɗai ya san ta. A Yugandar ne kuma aka gwada kulob ɗin 'yan mata na BRAC da ake kira ELA, inda ake haɗa koyon sana'a da ilimin rayuwa a wani ɗaki kusa da gida. Bayan shekara huɗu, yawan masu sana'a a cikinsu ya fi na sauran da kusan rabi, haihuwa da ƙuruciya ta ragu da kashi ɗaya cikin uku. Da aka kai shirin Tanzaniya, maƙwabciya, ƙungiya ɗaya, suna ɗaya, amma da ƙarancin kuɗi da kayan aiki, ba a ga tasirin ba. Ko a yanki guda ma ba a kwafar nasara haka kawai.

Sai maganar jari, wadda ake ta jayayya a kanta. A 2008 gwamnatin Yuganda ta ba rukunonin matasa a arewacin ƙasar kuɗi tsaba, kimanin dala 380 kowane mutum, ba mai sa ido. Mafi yawansu sun sayi kayan aiki sun biya kuɗin koyo. Bayan shekara huɗu suna samun kashi 38 fiye da waɗanda ba a ba su ba. Bayan shekara tara waɗancan sun kamo su. Jarin ya gaggauta musu tafiya ne, bai canza inda za a je ba. Ko da yake shekarun da mutum ya yi yana samun ƙari ba abin rainawa ba ne, musamman ga mai ƙananan yara. A Habasha an gwada ba masu nema aikin masana'anta, wanda ake ɗauka shi ne burin kowa, sai ga kashi ɗaya cikin uku sun ajiye cikin watan farko, kashi 77 kafin shekara, saboda ƙarancin albashi da haɗarin lafiya. Gidauniyar Tony Elumelu ta ɗauki wani matsayi dabam tun 2015, dala 5,000 ga kowane ɗan kasuwa da aka zaɓa ta gasa, da nufin wanda aka ba ya ɗauki wasu aiki. Wannan na neman zakaru ne, ba ya kai wa ga yaron da bai gama firamare ba, kuma ba a yi shi don haka ba.

Wani abu da ya faru a Laberiya ya cancanci a ratse dominsa. Ƙungiyar NEPI, wadda wasu tsofaffin mayaƙa ke cikin waɗanda suka kafa ta, ta tattara samarin titi a Monrovia ta yi musu mako takwas na zaman koyon danne fushi da tsara rayuwa, wasunsu aka ƙara musu dala 200. Ƙarin samun kuɗin bai daɗe ba. Amma bayan shekara goma, sata da fashi da sayar da ƙwaya a tsakanin waɗanda suka sami zaman da kuɗin sun ragu da kusan rabi. In da aikin yi kaɗai aka auna, da an ce shirin ya faɗi.

Kada a ɗauka taswira ce kaɗai ke yanke hukunci. Bangladesh ɗin da BRAC ke koya wa yara gyaran waya, ita ce a Yulin 2024 ɗaliban jami'a suka tashi a kan kason kashi 30 na aikin gwamnati da aka ware wa zuriyar mayaƙan 'yanci, har Sheikh Hasina ta bar ƙasar ranar 5 ga Agusta. Wannan fafutuka da ta Rabat uwa ɗaya uba ɗaya suke. A Indiya rahoton ILO na 2024 ya nuna rashin aiki a tsakanin matasa masu digiri kashi 29 ne, a tsakanin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba kashi 3.4. Ƙasa ɗaya, matsala biyu, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: ƙungiyar SEWA da Ela Bhatt ta kafa a 1972 na tsara mata masu ƙananan sana'o'i, su Aruna Roy da ƙungiyar MKSS na cikin waɗanda suka matsa har aka yi dokar 2005 ta ba kowane gida a karkara aikin kwana 100 a shekara, masu digiri kuwa na kan titi suna kukan satar amsar jarrabawar ɗaukar ma'aikata.

Ƙasashe masu arziki na wajen Turai ba sa buƙatar dogon bayani. A Amurka matsalar ta taru ne a wasu unguwanni da wasu jinsuna, kuma ƙungiyoyi na dogara da masu kyauta da kamfanoni. Year Up, da aka kafa a Boston a 2000, na yin wata shida a aji wata shida a kamfani, kamfanonin ne ke biyan kaso mafi girma na kuɗin, kuma gwajin ƙuri'a ya nuna ƙarin albashi na kusan kashi 30 da ya ɗore har shekara bakwai, abin da ba kasafai ake gani ba. A Japan gurabe sun fi matasa masu neman aiki yawa. Wahalar ita ce fito da waɗanda suka kulle kansu a ɗaki, kuma tun 2006 gwamnati ke ba ƙungiyoyi kwangilar cibiyoyin tallafa musu. A Sin, da adadin ya kai kashi 21.3 a Yunin 2023, hukuma ta dakatar da fitar da shi, ta dawo da sabon ma'auni da ya cire ɗalibai, kuma babu filin da wata ƙungiya mai zaman kanta za ta yi gardama.

To da yake ciwon ya bambanta haka, me ya sa in ka shiga ofishin ƙungiya a Amman ko Nairobi ko Lima, sau da yawa abu ɗaya za ka tarar, aji da allo da takardar kammala horo? Saboda horo na da sauƙin ƙirgawa. Mai ba da tallafi na son jin an horar da mutum dubu kaza cikin shekara uku. Sakamakon kuwa an auna shi. David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara gwaje-gwajen ƙasashe masu tasowa a 2017, ya ga horon sana'a kan ƙara masu aiki da mutum 2 cikin 100, a kan dala 1,000 zuwa 2,000 kowane ɗalibi, ya kuma ƙiyasta cewa a wasu shirye-shiryen an kashe dala 17,000 zuwa 60,000 kafin mutum ɗaya ya ƙaru a cikin masu aiki. Wani nazarin da ya haɗa bincike 113 ya ga ɗan sama da kashi ɗaya cikin uku ne kawai na shirye-shiryen matasa suka nuna tasiri bayyananne. Mafi tayar da hankali shi ne gwajin da aka yi a Faransa a kan matasa masu digiri a yankuna 235: waɗanda aka taimaka wa neman aiki sun fi samu, amma a kan asarar maƙwabtansu da ba a taimaka wa ba, har ribar gaba ɗaya ta kusan zama babu. Inda gurabe ba su ƙaru ba, shirin na sauya wa mutane matsayi ne a layi. Ba na ganin wannan a matsayin aikin banza, domin in wanda aka turo gaba yarinya ce daga ƙauye da ba ta da kowa, an yi adalci. Amma a kira shi da sunansa, kada a rubuta a rahoto cewa an samar da ayyuka.

Saura doka da aljihu, waɗanda ke yanke wa ƙungiya abin da za ta iya tun kafin ta zaɓa. Masar ta yi dokar ƙungiyoyi mai tsauri a 2017, ta sauya ta a 2019, amma kuɗin waje na ƙarƙashin sa idon hukuma. Ƙungiyar da ke son ta rayu a irin wannan yanayi za ta koyar da rubuta takardar neman aiki, ba za ta shirya zaman dirshan ba. Indiya ta gyara dokar karɓar kuɗin waje a 2020, ta hana babbar ƙungiya miƙa wa ƙarama abin da ta karɓo, ƙananan da ke karkara suka fi jin jiki. A Afirka gidauniya ɗaya, Mastercard Foundation, ta sa burin sama wa matasa miliyan 30 aiki kafin 2030, kuma girman aljihunta ya sa abin da ta fi so shi ke zama abin da ɗaruruwan ƙungiyoyi ke yi. A 2025 gwamnatin Amurka ta soke kashi 83 na shirye-shiryen hukumar USAID, sannan ta rufe hukumar a farkon Yuli. Waɗanda girgizar ta fi sauƙi a kansu su ne masu wata hanyar shiga: Year Up da kamfanoni ke biya, missions locales da ke cikin kasafin gwamnati, da BRAC, wadda mafi yawan abin da take kashewa a Bangladesh daga ƙananan rance da kasuwancinta yake fitowa, ciki har da shagunan Aarong da ta buɗe tun 1978.